Sukari a Ruwan Siminti

Ni wawa ne, kuma ba wautar tsufa ba ce balle a yi mini uzuri. Tun haƙorana suna cike nake abata. Na fi shekara ashirin ina cin tuwon yayata, ina suɗe yatsu har wuyan hannu, ban taɓa sunkuyawa na duba yadda ake tuƙa shi ba. Amma ranar da aka tashi maganar inda za a riƙa tuƙa shi, duk Tamale ba wanda ya kai ni baki.

Boko aji biyu na yi, malamin ya ce in tafi gida in huta, shi ma ya huta. Abin da na fito da shi bai wuce karanta tef ɗin awo ba, shi ɗin ma rabin inci sai na sa farce. Da haka na zama kafinta. In kun ga wani wuri a rubutun nan ya karkace, to haka ƙofofina ma suke.

Uwarmu ta rasu ina rarrafe. Yaya ce ta goye ni a unguwar Sabonjida, kuma da tuwon zafi da miyar ayoyo, wato lalo, ta raine ni. A bakin tashar mota take sayarwa, gindin wata darbejiya. Direbobi, 'yan dako, manoman da suka kawo doya daga ƙauye, kowa ya san ta. Akwai direban da in ya taso daga Kumasi yakan ƙi cin komai a hanya, don ya iso mata da yunwarsa cikakkiya. Wannan bakin tashar shi ne gonarta, shi ne kuma abin da take ɗaga kai da shi a cikin mata.

Sai mijinta. Magini ne, mutumin Choggu, dogo, hannuwansa sun yi furu-furu da siminti. Ba ya magana sai ta kama, in ta kama kuma sai ya zaɓi wadda za ta yi ciwo. Al'ada ta ce ƙanin mace abokin wasan mijinta ne, in zage shi ya zage ni a yi dariya a watse. Mu kuwa sai muka fake da al'adar. Zagin gaske muke yi muna yaƙe haƙora. Ni na tsane shi tun ranar da ya tare a gidanmu aka mayar da tabarmata zaure. Shi kuma ya tsane ni don a ganinsa ƙato ne ya isa aure yana zaune yana cinye ribar tuwo. Dukanmu muna da gaskiya.

In aiki ya yi wuya nakan yi wa Kiristocin kudu akwatin gawa, sai ya samu sunan da zai kira ni.

"Mai akwati, yau wa ka auna?"

"Kai nake jira, Maigida. Dogon katako na ajiye maka."

Yaya ta ce mu ji tsoron Allah, ta ƙara mana miya.

Shekarar da ta biyo bayan sauke tutar Ingila, komai na garin sai aka ce za a sabunta shi. Hukumar gari ta gina rumfuna shida a jere a bakin tasha, da rufin kwano, alhali masu sayar da abinci a wurin sun ninka haka sau uku. Duba-gari ya zo, wani gajeren ɗan kudu mai wandon kaki da safa har gwiwa, ya tara su da Hausarsa ta kasuwa.

"Kai mama, ka ji. Abinci ba ƙasa. Tukunya ba ƙasa, kwano ba ƙasa. Sama. Wuri mai wanke da ruwa da sabulu. Sati uku ni zo duba. Ba wuri mai wanke, ba rumfa."

"Gindin bishiyar fa?" in ji Yaya.

"Bishiya an gama. Sabon Ghana."

Don ta fi kowa daɗewa a wurin, aka rubuta mata rumfa ta biyu. Waɗanda ba su samu ba suka koma gefe suna ƙirga mata kwanaki. Ranar dubawa, in bai tarar da abin da ya ce a yi ba, rumfar ta zama ta wata.

A lokacin ina bin wani babban kafinta Bafante, mutumin kudu, aiki a bangalo, unguwar Turawa. Turawa na tafiya, akawunan kudu na shiga gidajensu, matan akawunan kuma kowace na son a sake mata kicin. A nan na fara ganin abin. Wani falle ne siriri kamar bangon littafi, mai tauri, a shafa masa gam a manna shi a kan katako, fuskarsa tana ɗaukar ido. Man ja ya zube a kai, a sa tsumma, kamar ba a yi ba. Yana da sunansa na Turanci, harshena bai taɓa iya ɗaukarsa ba, mu dai mai-sheƙi muke ce masa. Bafanten ya bar mini falle guda da ya ɗan guntule a kusurwa, shuɗi mai ɗigo-ɗigon fari. Na jingine shi a shagona ina duba fuskata a ciki safe da yamma, ina jiran ranar da zan nuna wa Sabonjida ko ni wane ne. Da na ji maganar duba-gari na ce ranar ta zo.

Da la'asar na ɗauko fallen a ka na shigo da shi tsakar gida. Matan gidan suka bar abin da suke yi suka kewaye shi, wata tana gyara ɗankwali a ciki. Mijin Yaya na zaune a kan turmi, bai ko ɗago ba. Da aka gama kallo sai ya ɗauki tsinke ya zana murabba'i a ƙasa.

"Tarazo za a zuba," in ji shi. "Siminti da farar tsakuwa. In ya kama a goge da dutse har ya yi sumul. Tsayinsa bulo biyu. Faɗinsa ya ɗauki kurfoti, murhun gawayinta, da kujera da mai kujerar. Na tambayi mai safa, ya ce in dai ya bar ƙasa kuma yana wankuwa, ba ruwansa."

"Bulo biyu?" na ce. "Wannan ai kabarin Kirista ne. Saura a kafa masa kuros."

"Ka fi ni sanin kabarinsu."

"Siminti kake tsumulmula, Maigida, faɗi gaskiya. Mutane sun sami 'yancin kai, kai kana so matarka ta ci gaba da tsuguno. Tebur inci talatin da shida ne. Na auna a gidaje sun fi biyar. Matar akawu a tsaye take yanka albasa, kamar baturiya."

"Wannan takardar taka," ya nuna fallen da haɓa, "in ta ji wuta me take cewa?"

"A ɗora mata faifan kwano a ƙarƙashi."

"In ta ji ruwa ta gefe?"

"A goge."

"In ta ji tuwo?"

Na yi dariya na waiwayi matan gidan don su taya ni. Yaya tana gefe tana tsince ayoyo a faranti. Sai a nan ta yi magana, ba tare da ta daina tsinka ba.

"Ita matar akawun, tuwon mutum nawa take tuƙawa?"

Ban ji tambayar ba. Kunnuwana dai sun ji, amma ni ina can ina hangen direbobi suna tsayawa suna tambayar wane kafinta ne ya yi wannan. Na ci gaba da zuba, na kawo Kumasi, na kawo Ankara, garuruwan da ko ɗaya ban taɓa takawa ba a lokacin. Ta bar ni na gama.

"Ƙanena, naka ya fi kyau," in ji ta. "Amma a yi na Maigida."

Wata daga cikin matan ta yi ƙaramar dariya ta toshe baki. Mijin Yaya ya share zanensa da tafin ƙafa, ya ce in ɗauke madubina daga hanya kada akuya ta ga kanta ta tsorata. Na ɗauko fallen a ka na fita. Har na kai shago kunnuwana ba su daina zafi ba.

Akwai wani abu da na sani wanda bai kamata irina ya sani ba. Wata rana a bangalo na ga wani tsohon magini ya kwaɗa wa lebura mari don ya ajiye kofin shayi kusa da kwaɓin siminti. Na tambayi dalili, ya ce sukari kaɗan in ya shiga kwaɓi, simintin ba zai kama ba, sai dai a yi ta kallonsa. A duk ilimin da ya wuce ta gabana a duniya, wannan ne kaɗai ya zauna.

Siminti a shekarun nan ba abin wasa ba ne. Gwamnati na gina makarantu da ofisoshi, duk buhun da ya hayo kogi zuwa arewa da mai shi. Mijin Yaya buhu ɗaya tak ya samu, shi ma sai da ya yi kwana huɗu yana safa da marwa a bayan wani ɗan kwangila. Ruwa kuma lokacin zafi ne, rijiyoyi sun ƙafe, daga dam aka ɗebo a ka aka cika masa rabin durom a cikin rumfar. Ya jera bulo, ya cike tsakiya da ƙasa ya daddaɓe, ya kafa katakon gefe. Ya ce Asabar da safe zai zuba.

Ranar Juma'a na shiga kantin wata Bayarabiya na sayi kwalin sukari mai ƙwaya guda biyu. Ta tambaye ni ko suna za a yi, na ce wani abu mai kama da haka. Na yi alwala, na sa farar riga, na fito tare da jama'a kamar mutumin kirki. Da aka kusa masallaci sai na zame na bi ta bayan tasha. Ba kowa a wurin sai wani kare a ƙarƙashin lori. Na juye kwalayen a durom, na sa guntun katako na motsa har suka narke. Ƙwaya ɗaya na jefa a baki, don ni ko a zunubi ba na son asara. Na tarar da sallama ta biyu a sahun ƙarshe, na shafa addu'a da kowa.

Asabar har taya mijin Yaya ɗaukar kwaɓi na yi. Ya dube ni ya ce yau wace rana mai akwati ya tuna da masu rai. Aikinsa kuwa, in faɗi gaskiya tunda ba ya nan balle ya ji, mai kyau ne. Ya baza, ya bubbuga, ya lallaɓa fuskar da cokalinsa har farar tsakuwar ta kwanta lumui. Ya rufe da buhunan algarara.

Litinin ya ɗaga buhu, abu na nan kamar yadda ya bar shi. Ya ce zafi ne. Laraba ya danna babban yatsa, yatsa ya shige. Da mako ya zagayo, gefen ya fara marmashewa kamar ƙuli-ƙulin da ya kwana a ruwa. Magina 'yan uwansa suka riƙa zuwa ɗaya-ɗaya, su tsuguna, su murza a hannu, su tashi ba su ce komai ba, wanda ya fi zagi ciwo. Matan da ba su sami rumfa ba suka samu abin yi. In ya wuce sai wata ta ce wa wata, da ƙarfi, ashe ana dama kunu da tsakuwa. Yaya ta daina cin abinci sosai. Saura kwana shida a zo dubawa.

Mijin Yaya ya same ni a shago da hantsi. Shagona a lokacin wata rumfa ce a kan hanyar Kanvili, ni kaɗai da zarto da awaki. Bai yi sallama ba. Ya dire gwangwanin madara a kan bencina, da ruwa a ciki, da tururuwa biyar ko shida suna iyo.

"Sha."

"Ina azumi, Maigida."

"Ranar Talata?"

"Ramuwa."

"Gindin durom ne," in ji shi. "Tururuwa sun yi hanya tun daga bakin kwata har cikinsa. Na sa yatsa na lasa. Bayarabiya kuma ta ce in gaishe ka, ta ce yaya mai jego."

Na ture gwangwanin gefe. Na ɗauki guduma na riƙe, ba don in buga wani abu ba. Ya fi ni tsawo da kai guda, kuma mutumin da ke ɗaga bulo tun safe ba a gwada ƙarfi da shi.

"Ajiye, ba dukanka zan yi ba. In na doke ka sai ka huta."

"To je ka gaya mata."

"A'a." Ya zauna a kan akwatin da nake haɗawa, ya miƙe ƙafafu. "In na gaya mata, za ta yi kuka kwana biyu, ta zage ka, rana ta uku ta zuba maka tuwo da nama biyu. Na san ta. Ba zan gaya mata ba. Ni zan riƙe. Duk ranar da ka sa hannu a kwanon gidana za ka ɗago ka ga ina kallonka."

"Sai me?"

"Sai ka haɗiye." Ya miƙe ya kakkaɓe riga. "Siminti babu, ko da kuɗi. Saura takardarka. Je ka yi mata abin da ka kashe mini suna a kansa, in gani."

Wani zai ce a nan ya kamata kunya ta kama ni. Ta kama ni, har zuwa azahar. Daga nan sai murna ta ture ta. Kwana huɗu na yi ina aiki kamar mai aljanu. Na zaɓi katako mai kyau, na shafa gam, na jira ya sha iska, na kwantar da fallen na bi shi da tsumma ina danna shi har ba kumfa ko ɗaya. Na kewaye bakin da siririn ƙarfe. Inci talatin da shida, ba ƙari ba ragi. Aka fasa abin da ya rage na tarazon da diga, aka kwashe, aka shigar da teburina.

Ranar dubawa duba-gari ya tsaya a gabansa ya cire hula. Ya shafa, ya zuba ruwa, ya goge da hankicinsa, ya kira sauran matan su zo su gani.

"Wannan shi ne. Kai mama, ka ci gaba. Wa ya yi?"

Na matso gaba tun kafin a nuna ni. Ya ba ni hannu. Mijin Yaya na jingine da ginshiƙi ya harɗe hannuwa, na yi masa murmushin da na daɗe ina tanadi. Aka ba Yaya katin rumfarta. Ta ƙulle shi a bakin zane, ta ce Allah ya yi mini albarka. Ta faɗa da gaske, abin da ya fi damuna ke nan yanzu.

Washegari na zo da sassafe don in ga yadda za a fara, kuma ranar ce na fara ganin yadda ake tuƙa tuwo. Tukunyar Yaya ta ƙarfe ce, mai ɗaukar cin mutum arba'in, tana zama a kan kurfotin da aka ƙera da ƙarfen tayar lori. Ashe tana da wasu ƙarafa biyu dogaye masu ƙugiya. Sai ta maƙala ƙugiyoyin a kunnuwan tukunyar, ɗaya dama ɗaya hagu, ta zauna a 'yar kujerarta, ta take ƙarshen ƙarafan da tafin ƙafa. Ƙafafunta ne ke riƙe tukunyar, hannuwanta biyu kuma suna kan muciya, tana jan tuwon zuwa ƙirjinta da duk nauyin bayanta. Ƙarafan nan na sha tsallake su a tsakar gida, na sha yin tuntuɓe da su ina zagi. Ban taɓa tambayar na mene ne ba. Mijinta kuwa ya sani. Bulo biyunsa da faɗinsa na kujera da mai kujera, ashe ba tsumulmular siminti ba ce. Ƙasa ya so ya ɗaga mata gaba ɗaya, ita da wutarta.

A kan teburina, da kurfoti da tukunya, bakin tukunyar ya kai mata haɓa. Ta tsaya riƙe da ƙarafan tana dubansu, tana duban teburin, sannan ta jingine su a bango. Aka samo mata akwatin lemo ta hau. Ta sa muciya ta ja, kurfotin ya zame a kan faifan kwanon, faifan ya zame a kan sheƙin, gawayi ya zubo. Ta riƙe kunnen tukunya da tsumma a hannun hagu, ta tuƙa da dama kaɗai. Tuwon mutum arba'in ba ya tuƙuwa da hannu ɗaya. Ya fito da gudaji, cikinsu ɗanyen gari.

Direbobi mutane ne marasa kawaici. Rana ta farko suka ci don kunya. Ta uku wani ya fasa gudaji da yatsa ya nuna mata farin garin, ya ce Hajiya ko tsufa ne ya zo. Wanda yake tasowa daga Kumasi da yunwarsa na gan shi da idona a rumfa ta huɗu. Inda kurfotin ke zama, shuɗin ya koma ruwan ƙasa, ya kumbura, ya fashe. Ruwan wanki ya sami hanya ta nan ya shiga katako, kusurwa ta fara ɗagowa.

Mijin Yaya ya tare ni a ƙofar gida.

"Je ka yanke wa abin nan ƙafafu. Ko rabin hanya ne, ta samu ta zauna."

"Mai safa ya yaba shi a haka."

"Mai safa ba ya tuƙi. Kafaɗarta ta kumbura, jiya da ƙyar ta ɗaura zane."

"In na yanke, ai ya zama kabarinka ke nan."

"Ya zama ko na uban wa. Yanke."

"Sai na yi shawara."

Ya dube ni tun daga hula har takalmi. Na ɗauka ranar zai fasa alkawarinsa ya doke ni, da ma ya yi. Sai ya tofar da yawu a gefe ya shige. Shi ma da nasa taurin kan, don yana da zarto a gida, amma ya rantse ba zai taɓa abin da na yi da hannunsa ba. Mako guda na yi ina shawara. Shawarar kuwa ba ta wuce yadda zan yanke ƙafafun ba tare da an ce maganarsa na bi ba.

Yaya ba ta jira mu ba. Ta sauke kurfotin ƙasa a bayan teburin, inda ba a hangowa daga titi, ta maƙala ƙarafanta ta zauna. Tuwo ya dawo sumul, mutane suka fara dawowa. Amma matan da ke ƙirga mata kwanaki ba su daina ƙirgawa ba. Aka kai wa duba-gari. Ya zo ya tarar da tukunya a ƙasa, ya yi mata kashedi, ya rubuta. Ta mayar sama kwana biyu, kafaɗa ta ƙi, ta sake saukewa. Ya dawo.

Ranar da na gama shawarata na zo da zarto a kafaɗa, na tarar ana fito da kayanta. Kwanuka a cikin daro, muciya, mara, ƙarafan nan biyu an ɗaure su da tsumma. Wadda aka ba rumfar tana tsaye da tsintsiya tana jira a gama. Duba-gari bai yi faɗa ba, har yana cewa ya yi baƙin ciki, doka ce. Ya gan ni ya gane ni, ya ce tebur mai kyau, mama ne bai iya ba. Na tsaya da zartona kamar wanda ya zo yanka bayan an gama rabon nama. Teburin kuwa sabuwar mai rumfa ta ce a bar mata, ita shinkafa da wake take sayarwa, a gida take dafawa.

Gindin darbejiya an riga an hana. Yaya ta koma kafa tukunya a ƙofar gida a Sabonjida, cikin lungu, inda lori ba ya shiga kuma kowace mace tana tuƙa nata. Daga babbar tukunya ta koma ƙarama.

Wata biyu ban taka gidan ba. Ina kwana a shago, ina cin gari da ƙuli, ina gaya wa mutane aiki ne ya yi mini yawa. Ranar da na gaji da ƙarya da gari, na tafi da azahar. Bencin masu saye ba kowa a kai sai mijinta, yana zaune a ƙarshensa yana sakace. Na yi sallama, ita ce ta amsa. Shi ya gyara zama ya fuskance ni sosai, don kada wani abu ya tsare masa kallo.

Ta ɗauki mara ta yanko tuwo, ta zuba ayoyo, ta ɗora jar miya a kai, ta laluba ta sa nama biyu. Na lura da hannun hagu ta miƙo mini kwanon, na daman tana tallafe da shi a cinya, ta ce in yi haƙuri da hagun. Na wanke hannu na zauna. Na gutsura na kai baki, na ɗago, yana kallona. Na daina tauna. Na riƙe kwanon ina juya miya da yatsa.

Yaya ta rufe tukunyarta, ta dubi lungun hagu da dama, ba mai zuwa.

"Ci mana, ƙanena," in ji ta. "Duk mutanen tasha kai kaɗai ka biyo ni."